Daji Ba Ya Son Ƙarfe

Shekarar da idanun Inna suka koma ruwan ɗorawa, kowa a ƙauyenmu na bakin kanal ɗin noman rani ya zama likita. Ciwon shawara ne, in ji su. Aka jiƙa mata saiwoyi, aka hana ta mai, aka hana ta nama. Ta sha ɗaci har ta gode Allah, ga rama, ga ƙaiƙayi ya hana ta sakat. Matar da ke turara shinkafa buhu-buhu ana kaiwa kasuwar Kura, sai ga shi in za ta tashi sai an kama ta.

Ni ce babbar 'yarta, kuma ni na kai ta asibiti a birni ba tare da na nemi izinin kowa ba. Hoto ya nuna ƙari a bayan tumbi, jikin wata tsoka da ko sunanta ban taɓa ji ba. Likitan ya ce hoto ba ya faɗin irin ƙarin, sai an gutsuro kaɗan an duba. Ba sai an tsaga ciki ba: siririn tiyo ake zurawa ta baki har tumbi, na'urar da ke bakinsa ta hango ƙarin, sannan a tura allura ta ɗebo. Sai dai nan kusa babu mai yi, ya ce, sai mu nemi Masar.

Ƙanena na karatu a can, don haka hanya ba ta gagara ba. Kawu ne ya gagara, yayan Inna, wanda tun rasuwar Baba shi ke da ta cewa a gidanmu.

"Daji ba ya son ƙarfe," ya ce. "Allura na taɓa shi zai fusata ya watsu. Yaro ma ya san wannan."

"Wa ya ce ciwon daji ne, Kawu?"

"To in shi ne fa, sarkin baki?"

Inna na kwance a tabarma, mun ɗauka barci take. Sai ta ce, "Yaya, ka taɓa sayen shinkafa ba ka soka ƙarfe a buhu ka ga ƙwayar ba?"

"Ke buhu ce?"

"Na fi buhu. Shi ya sa ba zan tafi lahira ban san kayan da na ɗauka ba."

Muka tafi. Aikin da aka yi ta jin tsoro bai kai dahuwar wake ba. Ta farka tana mitar maƙogwaro, tana tambaya ko mutanen nan sun san koko. Da sakamako ya fito, daji ne, kuma ya yi nisa. Na yi kuka kamar raina zai fita. Ita kuwa cewa ta yi a haɗa kaya, tumatir ya kusa nuna a gida.

Muna isa ta sa aka zubar da tukunyar saiwoyin a bayan katanga. Ta ce a yi mata ɗanwake, mai ya ji, yaji ya ji. Loma kaɗan take iya ci, amma da daɗi take ci. Ta aika aka kira waɗanda suka yi faɗa da ita kan rabon ruwa, aka yafi juna. Ta faɗa wa kowannenmu abin da take so ya ji, ciki har da ni, da ta ce in rage tsiwa. Kafin damina ta sauka ta rasu.

Ran uku, gida cike da masu ta'aziyya, Kawu ya ɗaga murya yadda zan ji daga ɗaki: "An dai tsokano shi. Mun faɗa."

Na fito ko mayafi ban gyara ba. Na ce, "Kawu, ku kun shayar da ita ɗaci kuna ce mata za ta warke. Allura kaɗai ce ta gaya mata gaskiya."

Mata suka yi ta mintsinina, ana cewa in durƙusa. Har yau nakan je in gaishe shi, yana amsawa ciki-ciki. Haƙurin da yake jira kuwa ban ba shi ba, kuma ba zan ba shi ba.