Dattijon da Ya Zo Neman Abokinsa a Sawira

A shagon shayin da ke bakin tashar garin Sawira, wani dattijo yana zaune rungume da tsohon faifan garmaho naɗe cikin tawul. Jallabiyarsa ta yamutse da zaman mota, shayinsa ya huce, idonsa na kan duk mai shigowa.

"Tun daga Wujda na tuƙo," yake gaya wa Bushta mai shayi. "Abokina Abdulƙadir na zo gani. A waya muka haɗu, kullum muna tura wa juna waƙoƙin da."

"Yaya kamanninsa, Alhaji?"

"Ina na sani? Hoton garaya ya sa a maimakon nasa."

Bushta ya kwashe da dariya. "Ai garin nan kowane gida da garaya!"

Da alama dattijon ya daɗe bai sami abokin sauraro a gidansa ba. Ya duba waya, ya duba ƙofa, sai ya rufe ido ya fara rera wata waƙa. Daga teburin lungu wata tsohuwa mai sanda ta karɓa masa amshi.

Dattijon ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa.

"Hajiya, don Allah... ke ce Abdulƙadir?"