Likitan da Ya Duba Shaddata Kafin Ya Duba Bakina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan ban sa hoton ko yadi ɗaya a shafin nan ba. Wasu sun ce na tafi saro kaya Lome, wasu sun ce jarina ya karye. Ba ko ɗaya. Ni Rakiya mai shadda ta Zongo, haƙori ne ya kwantar da ni.

Turmi ne na ƙasa, ɓangaren hagu. Da farko sai na sha ruwan sanyi yake min zogi. Na cusa kanumfari, na haɗiyi parasetamol, na ci gaba da kasuwata. Da ya kai ko tuwo ba na iya taunawa, na nufi wani kilinik na kuɗi wajen unguwar Koulouba.

Daga gidan suna na wuce can, da shadda mai sheƙi da 'yan kunnen zinarin da na ara wajen ƙanwata.

Jika goma na sefa na biya kafin in zauna, jika takwas na hoton haƙori. Likitan ya shigo yana ƙamshin turare. Ya kalli kunnena, ya kalli jakata, sannan ya ce in buɗe baki. Bai yi minti biyu yana dubawa ba.

"Hajiya, haƙora uku ne suka lalace. Sai an cire, a dasa sababbi."

Na ce, "Dokta, ɗaya ne ke min ciwo."

Ya yi min murmushin da ake yi wa ƙaramin yaro, ya juya Faransanci, wai mai ciwo ba ya sanin ciwonsa. Sakatariyarsa ta miƙo takardar farashi. Jika ɗari huɗu da tamanin, kuma rabi kafin a taɓa ni.

Na roƙi a cire mai ciwon kawai, ya ce su ba sa guntun aiki. Na ce to a ba ni hoton da na biya in kai wani wuri. Sakatariya ta ce hoto yana cikin ordinatar, wato kwamfuta, ba ya fita. Ko takardar magani bai rubuta min ba.

Na dawo gida na ɗauka ko'ina haka farashin yake. Na ce bari in tara. Inna ta ce, "Ki daure, ciwon haƙori bai taɓa kai kowa kushewa ba."

Kwana goma sha biyu na daure. Kuncina ya kumbura, kumburin ya gangara wuya. Zazzaɓi ya rufe ni. Bakina ya ƙi buɗuwa fiye da faɗin yatsa, yawu ma ya gagara haɗiya.

Yayana Sani ya zo daga Gounghin da safe, ya tsaya bakin ƙofa ya kalle ni. Bai ko zauna ba. "Tashi," ya ce. Ya ɗaure ni a bayansa da mayafina don kar in faɗo daga moto, wato babur ɗinsa, sai asibitin gwamnati.

Wata likita matashiya ta taɓa wuyana, fuskarta ta canza. Ta ce, "Yaya, da kin ƙara kwana biyu, da kumburin nan ya toshe miki numfashi."

Kafin a shiga da ni ɗakin tiyata, na kama hannun Sani. Da ƙyar na iya ce masa ya riƙe min 'yata Zainabu, kar ta bar makaranta. Na riga na sallama.

Aka tsaga ƙarƙashin haɓata, aka zuƙe mugunya, aka bar ɗan tiyo a ciki. Kwana tara ina kwance, ƙarin ruwa da allura safe da yamma. Safar hannu, sirinji, auduga, duk sai Sani ya sayo a farmasi. Mun kashe kusan jika ɗari da hamsin.

Da kumburi ya sauka aka cire turmin. Guda ɗaya. Jika goma sha biyu. Na tambayi likitar sauran biyun, ta ce lafiyarsu lau, wanki kawai suke so.

Ina gida ina jinya sai ga ƙawata Salamatu, mai sayar da koko a Cissin, ta zo dubiya. Da na kwatanta mata kilinik ɗin, ta riƙe baki. "Ai can aka cire min nawa bara. Jika ashirin da biyar, zama ɗaya. Ni bai yi min zancen dashe ba. Silifas ɗina ya gani."

Ashe dillali na je wa a cikin farar riga.

Ni jikar fataken goro ce, na san kallon takalmin mai saye kafin in yanka farashi. Amma wanda ya ƙi shaddata yana komawa gida da ransa. Shi wannan ya ga ruɓa a bakina, ya san inda za ta kai, ya bar ni na fita saboda ban ajiye rabi ba. Shekarun da ya yi a makaranta ba su koya masa abin da mahaucin unguwarmu ya sani ba, domin shi ko ba ka saya ba zai ce maka kar ka ci naman da ya kwana.

Mun koma kilinik ɗin da Sani. Ya buga tebur da Faransancinsa, hoton ya fito cikin minti biyar. Dokta bai leƙo ba, wai yana da aiki.

Alhamdulillahi, yau ina tauna har da ƙashi. Allah ya saka wa Yaya Sani, da likitar da ta kira ni yaya, da matan Zongo da suka riƙa aiko da kunu. Inna har yanzu ba ta iya kallon wuyana ba tare da ta share ido ba.

Don Allah, in haƙori ya fara, kar ku jira. In fuska ta kumbura da zazzaɓi, asibiti a ranar, ko ba ku da dala. Ku tambayi farashi kafin ku hau kujera, a rubuce, haƙori-haƙori. Hoton da kuka biya naku ne, ku karɓa. In an ce a cire fiye da ɗaya, ku kai wa wani likita ya gani.

Litinin zan buɗe shago. Za ku ga tabo ƙarƙashin haɓata. Kar ku kau da kai don kunya, ku tambaye ni, in yi muku kwatancen ƙofar da ba za ku shiga ba.