Neman Shamuwa a Tabkin Tasawa

Mayahi, ƙarfe biyar da rabi

Na bar gida bayan sallar asuba, da jumel ɗina, wato madubin hangen nesa, da littafin tsuntsaye da gorar ruwa. Tun da na aje alli, sau biyu nake zuwa tabkin Tasawa a shekara: da kaka in tarbi baƙin tsuntsaye, da bazara in yi musu rakiya. Maiɗakina Hajiya Rabi tana shara ƙarƙashin bishiyar bedin tsakar gida. Ta ce, "Malam, a gaida su." Ba ta ɗaga kai ba.

A tasha an ce mota za ta tashi ƙarfe shida. Ta tashi bakwai da minti ashirin, bayan an sama wa awaki biyu wurin zama.

Kanan-Bakashe

Yayana Illa na tsaye bakin hanya, ya san ranar tafiyata. Ya leƙo ta taga.

"Kai mai kallon tsuntsaye, yau kallonka zai yi rana."

Tiya shida ta irin hatsi ta rage masa. Maƙwabta sun fara binne, suna zuba iri cikin busasshiyar ƙasa don ruwan farko ya tarar da shi. Shi kuwa yana jiran shamuwa, kamar yadda babanmu ke yi.

"In ta sauka, ruwa na bayanta, sai in binne. In ba ta sauka ba, gara za ta cinye irin, kuma ba ni da wani. Ka duba mini, ka kira ni."

Na bayyana masa cewa daga kudu shamuwa ke zuwa, Tasawa kuma kudu take da mu, saboda haka nan za ta fara yada zango. Na so in zana masa taswira, direba ya danna oda.

Shingen jandarma

Wani jandarma ya karɓi katina, ya ga jumel a wuyana, ya kira ni "mushe", wato malam a bakin masu Faransanci.

"Mushe, mi kake hange?"

"Tsuntsaye."

"Na wa?"

"Baƙi ne. Wasu Turai za su koma, wasu daga kudu suke."

"Suna da takardu?"

Na ce ban taɓa tambaya ba. Ya ce in tambaya, ya miƙo mini katina.

Tasawa, ƙarfe tara da minti arba'in

Ɗan kabu-kabu ya sauke ni bakin tabki. Ruwan ya ja da baya ƙwarai, gidaje sun kewaye shi, masu buga tubali sun bi shi har inda ya tsaya. Na zauna kan wani tubali da ya fashe, na fara rubutu. Balbela da yawa. Zalɓe guda, tsaye kamar sufeto a bayan aji. Zakaran ƙeƙuwa biyu suna faɗa da kowa. Sai wasu ƙananan tsuntsayen bakin ruwa masu dogon baki, waɗanda littafina ya ce ya kamata a ce sun kama hanyar Turai tuni. Da alama ba su karanta shi ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na gan ta. Can ƙetaren ruwa, kan wani gawo: baƙin baya, farin ciki, tana ɗan motsa fiffike. Na riƙe ta cikin jumel minti arba'in. Zafi na sa komai rawa, gumi na shiga idona. Wayata ta yi ƙara sau biyu, Yaya ne. Na kusa ɗauka in ce masa ya fito da irin.

Wani mai tubali, Malam Sanusi, ya tsaya kaina yana goge laka.

"Malam, ko daga meri, ofishin magajin gari, kake? In auna fili ka zo, mu mun riga ka."

Na ce a'a, shamuwa nake kallo, na nuna masa da yatsa. Ya duba, ko hannu bai kare ido da shi ba.

"Leda ce. Baƙa da fara, sun sarƙe. Tun kaka suke nan."

Na soke layin da na rubuta.

"Shamuwa ba ta kwana tabki," in ji shi. "Gidan mutane take so, inda ake daka da hayaniya."

Na ce littafi bai faɗi haka ba. Ya ce to, ya koma kan tubalinsa.

Na kira Yaya. "Ban gani ba."

Ya ce, "Maƙwabta sun ci rabin gona."

"Ka riƙe irinka, Yaya."

Na ci dambu da zogale wurin wata mata kusa da tasha, bai yi mini daɗi ba, kuma ba laifin dambun ba ne. Da muka zo Kanan-Bakashe a dawowa, na duƙufa cikin littafina har muka wuce.

Mayahi, gab da magariba

Na tarar da Hajiya tana shara a daidai inda na bar ta. Tabarmata ta sha farin kashin tsuntsu, ƙirare zube ko'ina.

"Janye tabarmarka, Malam. Tun hantsi suke ɓata mini gida."

Na ɗaga kai. Shamuwa biyu kan bedin, suna jera ƙiraren sheƙa. Ban buƙaci jumel ba.

"Mi ya hana ki kira ni?"

"Na ce kar in katse maka bincike."

Na sake kiran Yaya. "Fito da irin. Ta sauka."

"A tabkin?"

"A gidana."

"Wa ya gani?"

"Hajiya."

"To na yarda," in ji shi. "Da asuba zan shiga gona. Baɗi ita zan aika."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Sanusi da ya ceci tiya shida daga hannun leda. Jumel kuwa Hajiya ta ce in rataye shi a ɗaki, in ɗauko tsintsiya.