Inda Muryar Lorene Ta Karye

Shekara goma sha ɗaya Lorene Tackett ta yi tana waƙa a Nashville, ba a taɓa buga sunanta a jikin faifai ba. Aikinta waƙar gwaji ne. Marubuci ya rubuta, ita ta rera a kaset, a yi ta yawo da kaset ɗin ofis-ofis har wata tauraruwa ta ji ta ce tana so. Lorene ba ta damu ba. Tana da mijinta Dewey, direban babbar mota, mai cewa duk matan rediyo in an tara su ba su kama ƙafarta ba. Ita kuma ta ce masa ai ƙarar inji ta daɗe da kashe masa kunne.

A watan Maris na 1978 zuciyar Dewey ta tsaya a wani gidan mai a hanyar Memphis. Kwana tara da binne shi Lorene ta koma aiki, don zaman gidan ya fi ƙarfinta. Hollis Crabb, wani tsohon marubucin waƙa, ya miƙo mata takarda. Waƙar soyayya ce mai sanyi, daga jita sai goge, a kan matar da mijinta ya tafi ya bar rigar sanyinsa rataye a bayan ƙofa. Aka fara ɗauka a kaset, tana kaiwa baitin rigar sai muryarta ta karye. Ta yi shiru, ta haɗiyi yawu, ta ƙarasa da kyar.

"A sake ɗauka, Hollis. Na ɓata."

"Ba abin da kika ɓata, 'yar nan. Je ki gida ki huta."

"To ka goge wurin."

"Zan goge."

Bai goge ba. Hollis ba mugu ba ne, amma ya san abin da kasuwa ke so.

Bayan wata biyar faifan ya fito da muryar Darla Whitson, yarinya 'yar shekara ashirin da uku wadda ko kyanwa ba ta taɓa mutu mata ba. Lorene na cikin kanti tana zaɓen tumatir ta ji shi a rediyo. Darla ta kwashe komai, karyewar muryar, shirun, har haɗiyar yawun. Sati shida waƙar tana kan gaba a duk tashoshi, 'yan jarida suna ta tambayar Darla wa take yi wa kuka.

Abin ya yi wa Lorene ciwo ƙwarai. Ta bar waƙa, ta kama aikin guga a wani otal. Ba suna take nema ba. Abu ɗaya take so, ta rera waƙar nan daga farko har ƙarshe ba tare da ta karye ba, ko ta san ta miƙe. Kullum sai ta gwada tana wanke-wanke, kullum a wuri guda take tsayawa.

Shekara biyu ana haka. Ranar walimar soyayyen kifi ta cocinsu, matar fasto ta kama hannunta.

"'Yar'uwa Lorene, yau kam ba inda za ki. Yi mana ta Darla ɗin nan."

Ta hau kan ɗan dandamalin ta fara. Da baitin rigar ya zo ta ja numfashi, ta bi ta kansa sumul, ta kai ƙarshe. Ta sauko jikinta sakayau, rabon da ta ji haka tun Dewey na da rai.

Wata baƙuwa riƙe da farantin kifi ta tare ta.

"Baiwar Allah, kina da murya. Sai dai kin tsallake inda take kukan nan. Ki ƙara sauraron faifan da kyau, ai nan ne duk daɗin waƙar."

Lorene ta dube ta, ba ta ji haushi ba.

"Na san wurin," ta ce. "Na daɗe a can."