Kunnen da Kawu Yake Toshewa

Jiya a kasuwar Zahir, a nan ƙasa mai tsarki, wani maƙwabcina ya tare ni yana kawo mini ƙarar abokin sana'arsa. Ban ankara ba sai na ji na dafe kunnena na hagu da tafin hannu. Nan take Kawu ya faɗo mini a rai.

Haka yake yi tun yana alƙali a babbar kotun tarayya. Ko yaran gida ne suka kawo masa ƙara, sai ya toshe kunne ɗaya ya ce, "Wannan na wanda bai zo ba ne."

Shekarar da ya zo Hajjinsa na ƙarshe, ni nake tura kekensa. Muna cikin tanti a Mina, ga zafi, ga ƙamshin shayi mai na'ana'a, sai wani dattijo ya zo ya zauna a gabansa.

"Ranka ya daɗe, kai ka ɗaure ɗana. A gidan yari ya rasu."

Na ga hannun Kawu ya nufi kunne, sai ya sauke shi a kan haraminsa.

"Faɗi duka, Malam," in ji shi. "Yau babu wanda ake jira. Ni ake ƙara."

Dattijon ya yi ta magana har shayin ya huce. Kawu bai kare kansa ba. Hawaye kawai ke gangarowa cikin gemunsa. Bai sake ganin wata Sallar ba.

Ya Allah, ranar da za a kira shari'arsa, Ka saurare shi da rahama, yadda ya saurari bayinKa.