Mato da Tsiron Dutsen Jebel Ali

Mato mutumin Mirya ne ta ƙasar Nijar, ɗan masu lambu, kuma hannunsa bai taɓa mance ban ruwa ba, ko da yake aikin da ya samu a Dubai na wanke duwatsun da ke tare igiyar teku ne a gaɓar Jebel Ali. A bayan wani dutse da rana ba ta cika duka ba, sama da inda feshin teku ke kaiwa, ya tarar da wani ɓawo ruwan toka mai faɗin tafin hannu. Abokan aikinsa suka ce datti ne. Shi kuwa ya ɗiga masa ruwan gorarsa, ya ga ya koma kore, ya tabbata abin yana da rai. Ya roƙi shugaban aiki a bar dutsen, aka bar masa.

Daga nan ya shiga shayar da shi kullum, kamar albasar lambun mahaifinsa. Sai gefen ɓawon ya soma baƙi yana ruɓewa.

Hankalinsa ya tashi, ya ɗauki hotonsa ya nuna wa Ummulkhair, 'yar maƙwabcinsa Bakano, wadda ke karatun ilimin tsirrai. Ta je ta duƙa gaban dutsen da gilashin ƙara girma.

"Baba Mato, wannan ba gansakuka ba ce," in ji ta. "Dangin shaibar nan ce da ake sayarwa a kasuwar kayan ƙanshi, amma irin ta dutsen bakin teku. Dubi 'yan ƙoƙunan da ke bayanta. Me kuke ba ta?"

"Ruwan sha, ɗiyata. Mai tsabta, wanda nake sha."

Ta yi murmushi. "To, alherin naku ne ke kashe ta. Raɓa da hazon teku take sha, sannan dole ta bushe."

"Bon," ya ce da Faransancin mutanen Nijar. "Wato in ga abu da ƙishirwa in wuce?"

"Ku wuce, Baba. Khalas, shi ke nan."

Ga ɗan lambu, babu umarnin da ya fi wannan nauyi. Amma Mato ya bi shi. Duk tsawon zafin Dubai yana wucewa ta gaban dutsen da gorarsa a rufe, ya tsaya ya duba, ya ci gaba da aikinsa. Da sanyi ya shigo, hazo ya dawo gaɓa, baƙin ya tsaya, wani siririn sabon toho mai haske ya fito a gefen ɓawon. Har yau dutsen na nan ba a wanke ba, kuma Mato bai sake zuba masa ko ɗigo ba.