Yaron Nan da Ka Sani

Shekara goma ke nan cif, a wannan makon, da mahaifiyata Mama Hannatu ta koma ga Ubangijinta. Waɗanda suka saba sayen dankalin Turawa da kabeji a kasuwar Taminus ta Jos ƙila su tuna da ita: gajeruwa, mai faɗin murya, wadda ba ta sakin ka sai ta tambayi lafiyar mutanen gidanku kaf. Duk shekara nakan ɗauki biro da niyyar rubuta wani abu a kanta, sai in ajiye. Bana na sami abin faɗa, kuma ba abin da zai ƙara mini kwarjini ba ne.

A gidanmu na unguwar Kwararafa ba mu taɓa sayen agogo mai ƙararrawa ba. Ladanin masallacin bayan gidanmu shi ne agogon Mama. Da ya ɗaga murya da asuba sai ka ji tana bubbuga ƙofa: "Maƙwabci ya tashi neman Allah, ku kuna minshari? Ku fito!" Ni da ƙanena Bulus, mu biyu ke nan Baba ya bar mata, sai mu fito lulluɓe da bargo cikin sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi. A yi waƙa ɗaya, a karanta aya, sannan Mama ta durƙusa. In ta durƙusa kuwa, sai dai ka haƙura da shayinka, don sai ya huce.

Kowa sai ta kira sunansa. Ni Rifkatu, da Bulus, da fastonmu, da gwiwar maƙwabciyarmu Hajiya Asabe mai ciwon sanyi, da gonakin accar danginta a ƙauye, har akuyar da ta ƙi cin dusa. Ba ta iya yi wa Allah kwalliyar magana ba. Yadda take ciniki haka take addu'a: "Baba, jiya na faɗa maka, yau ma ina faɗa." Washegarin da babbar kasuwa ta ƙone da rumfarta a ciki, abin da ta ce ke nan: "Baba, kasuwa ya ƙone, ka gani ai. To, yanzu yaya za mu yi?" Ta yi shiru kamar mai jiran amsa. Mako bai zagayo ba ta shimfiɗa buhu a bakin titi ta ci gaba da kasa dankalinta.

Mai karatu ya lura da "kasuwa ya ƙone". Ba kuskuren ɗab'i ba ne. Mama ba a nono ta sha Hausa ba. Daga ƙauyensu na kan duwatsu aka kawo ta Jos tana amarya, a kasuwa da coci ta tsinci harshen, kuma a Hausarta babu mace babu namiji, kowa "shi" ne. "Rifkatu ya dawo?" "Ka zo ka ci abinci." Ni kuwa a ɗakin Hajiya Asabe na yi wayo, ina tsince mata ƙyallaye a gindin keken ɗinki, a bakinta na ɗauki Hausar Kano tsantsa, har daga baya na zama malamar Hausa a sakandare. Wata safiya ina budurwa, kaina na hayaƙi, ana gama addu'a na ce, "Mama, ba a cewa Hajiya ya yi ciwo, ta yi ciwo ake cewa." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, wanda nake yi wa magana ya gane. Kai ne ba ka gane ba." Muka yi dariya har da Bulus, aka wuce wurin.

Shekara shida kafin rasuwarta, abu biyu suka faɗo wa gidanmu kusan lokaci ɗaya. 'Yata ta fari, Alheri, tana wata takwas zazzaɓi ya kama ta. Kwana uku na yi ina azumi a gefen gadon asibiti, ina roƙo kamar zan fitar da raina. A safiya ta huɗu ta tafi. A lokacin an yi wa mijina Yakubu canjin wurin aiki zuwa nesa, sai ƙarshen wata yake zuwa, don haka na tattara na koma wajen Mama. Bulus kuma aka sallame shi daga kamfanin da yake aiki, ya koma gidan burkutu ya tare. Sau nawa 'yan unguwa suka kawo shi a rirriƙe.

A wannan shekarar ce wani sabon roƙo ya shigo addu'ar Mama. Bayan ta gama kiran sunayenmu duka kamar kullum, har da na Bulus, sai ta sassauta murya ta ce: "Da yaron nan da ka sani. Ya yi nisa. Ka riƙe shi. Ko shi ya sake hannunka, kai kada ka sake." Ba suna. A nan kaɗai muryarta ke rawa. Duk wanda ke falon, baƙo ko ɗan gida, sai ya saci kallon Bulus, shi kuma ya sunkuyar da kai. Aminin da nake yi wa wannan roƙo ya fi na kowa ƙarfi.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Tun ranar da muka binne Alheri ban ƙara yi wa Allah magana ni kaɗai ba. Ba wai na daina gaskata yana nan ba ne. Gaba nake yi da shi. A waje kuwa ba wanda ya kai ni: ina cikin mawaƙan coci, ina koyar da yara ranar Lahadi, in ana biki ni ake miƙa wa addu'ar buɗe taro saboda Hausata na da daɗi. Irin gaisuwar da maƙwabta biyu da suka ɓata kan yi in sun haɗu a gidan suna, ita nake yi wa Ubangiji, lafiya lau a idon jama'a. In na rufe ƙofar ɗakina, shiru. Na ɗauka ba wanda ya sani.

Har kishi na yi, kuma ina jin kunyar rubuta wannan. Nakan ce a raina, ni da na binne ɗiya sau ɗaya ake kiran sunana a wuce, mashayi kuwa rabo biyu yake samu, har da hawaye. Gaskiyar masu iya magana, laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Hawan jini ne ya kwantar da Mama, kwana tara kacal. Safiyar ƙarshe da ta iya buɗe baki, sunaye sun kuɓuce mata, amma wannan roƙon bai kuɓuce ba. Da muka dawo daga makabarta, gida cike da dangi da matan zumuntar coci, na tsaya gaban Bulus na ce, "Kai ka ƙarar da ita. Shekara shida tana kuka a kanka." Ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya rufe, ya fita. Tun daga ranar zumuncinmu ya koma gaisuwar Kirsimeti. Da na ji ya bar sha, ya yi aure, ya buɗe shagon walda a unguwar Rikkos, sai na ce to, addu'ar Mama ta ci, ban kuma taka na je na gan shi ba.

Nakan tambayi kaina me Mama za ta ce in ta leƙo yau. Addu'ar safe ta dangi ta koma cikin waya: wani ya turo aya, sauran su turo hoton hannuwa biyu a haɗe, an gama, kowa na kwance cikin bargonsa. Na tabbata za ta ce, "Gwiwa fa? Wayan ne zai durƙusa muku?" Jikokinta da Turanci suke addu'a, wannan ba zai dame ta ba, ita da ta san Allah ba ya duba nahawu. Masu ihu da lasifika tun safe kuwa, tambayarsu za ta yi ko wanda suke kira kurma ne. Abin da zai yi mata ciwo shi ne ta tarar 'ya'yan Hajiya Asabe sun tashi daga layinmu, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa, har yaro ya girma bai san sunan maƙwabcin da zai saka a addu'a ba. Wanda ya fi wannan ciwo, ta tarar 'ya'yanta biyu suna gari ɗaya amma sai a waya suke haɗuwa.

Watan jiya dole ta kai ni Rikkos, don mu shirya sujadar godiya ta cika shekara goma. Na same shi yana haɗa ƙofar ƙarfe, furfura ta fara fito masa. Na ga ya kamata in faɗi wani abu mai daɗi, irin na babbar yaya mai yafiya. Na ce, "Bulus, ka ga ikon Allah. Addu'ar Mama ba ta faɗi ƙasa ba. Yaron nan ya dawo."

Ya kashe injin, ya cire baƙin gilashin idonsa. "Yaya, wane yaro?"

"Kai mana."

Ya jawo mini benci. "Zauna, don Allah. Tunda ke kika kawo maganar, alkawari ya sauka daga kaina."

Ya ce wata rana abin ya ishe shi, ya bi Mama har bakin titin da take kasa kaya, ya ce ta daina tona masa asiri gaban baƙi kowace safiya. Ta ajiye dankalin hannunta ta ce masa: "Kai? Kai ai ina kiran sunanka. Kana sha, kana faɗuwa, kana kuka kana kiran Yesu, ina jin ka ta taga. Mai kira bai yi nisa ba. Rifkatu ne. Tun da yaronsa ya mutu bai yi wa Allah magana ba, bakinsa ne kawai yake addu'a." Ya ce mata to me ya hana ta faɗa mini. Ta ce: "Wanda ya yi nisa ba ya jin kira. In na faɗa masa zai ji kunya, ya ƙara nisa. Ka bari mutane su ɗauka kai ne, kai ka riga ka saba da kunya. Kada ka faɗa sai ranar da ya kawo maganan da kansa."

Ni da nake zagaye "ya" da jan biro a littafin ɗalibai in sun rubuta shi a wurin "ta", ni da na fi kowa sanin cewa a bakin Mama ni ma "shi" ce, shekara shida ina jin ana roƙo a kaina ina cewa amin da ƙarfi ina hararar wani. Ba Hausarta ce ta ɓatar da ni ba, girman kaina ne. Ashe tun ina budurwa ta faɗa mini, ni ce ban gane ba.

Na ce, "Ranar jana'iza fa? Me ya sa ka yi shiru?" Ya ɗaga kafaɗa. "Na yi mata alkawari. Kuma shan na sha ai, Yaya, ba duka kika yi ƙarya ba." Shekara goma sha shida ƙanena yana ɗauke da kunyar da ba tasa ba, goma daga ciki har da zagina a kai. Na durƙusa a kan ɓarɓashin ƙarfen shagon na roƙe shi gafara. Ya ɗaga ni yana cewa in tashi kada oga mai ƙofa ya zo ya ɗauka wani ne ya mutu. Daga nan muka yi kukan da ba mu yi tare ba ranar da ya kamata.

In aka ce a auna abin da Mama ta bari, a ido ba shi da nauyi: zanen zumuntar mata guda biyu, da littafin waƙoƙi da bangonsa ya rabu. Ba ta bar gida ba, ba ta bar fili ba. Amma ta bar mana sanin cewa ana iya ganin tsiraicin mutum a rufe masa, a kai ƙararsa wurin Allah kaɗai. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, ita kuwa ta karanci tawa alhali ina tsaye gaban coci ina rera waƙa. Ta gane wanda ke faɗuwa yana kiran Allah ya fi kusa da shi a kan wanda ke gaishe shi da ladabi daga nesa. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ko da yaron malamar Hausa ce.

Ba zan ce komai ya warware ba. Gabar shekara goma sha shida ba ta ƙarewa a yini ɗaya, kuma har yau ban san dalilin da ya sa aka ɗauke mini Alheri ba. Amma shekaranjiya da asuba, da na ji ladanin unguwarmu ya ɗaga murya, na tashi kafin Yakubu da yara su motsa. Na je falo ni kaɗai na durƙusa a kan siminti mai sanyi. Na nemi kalmomin nan masu daɗi da nake buɗe taro da su, ko ɗaya ba ta zo ba. Can na ji bakina ya buɗe, na ce:

"Baba, yaron nan da ka sani ne. Ga shi ya zo."

Ban gyara ko harafi ɗaya ba.